Gwangwama, binka ko albasar kwaɗi: wacce za ta kai maka damina mai zuwa a Gombe?

A watan Agusta kowace fulawa kyakkyawa ce. Ko reshe ka kafa a gindin katanga a Tumfure ko Pantami sai ya yi yunƙurin tofo. A nan masu saye suke yin kuskure: suna zaɓe da ido a tsakiyar damina, alhali alƙalin gaskiya shi ne Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake taɓa digiri 40, famfo ya ɗauke, 'yan garuwa su ƙara wa jarka kuɗi. Fulawar da ake so a jera a gefen katanga ko bakin hanyar shiga gida ita ce wadda za a shuka sau ɗaya ta yi shekaru tana fure duk damina, ba wadda za a riƙa sake saye kowace shekara ba.

Wani abu da ke ruɗin mutane shi ne fakitin irin da ake shigowa da shi daga Turai. Idan suka rubuta cewa tsiro mai juriya ne, juriyar sanyi da ƙanƙara suke nufi, irin na Ingila. Mu a nan juriya iri biyu muke nema, kuma kishiyoyin juna ne: tsiron ya jure wata shida, daga Nuwamba zuwa Afrilu, kusan ba ɗigon ruwan sama, ga iskar hunturu, sannan ya jure malkar Agusta ba tare da saiwarsa ta ruɓe ba. Tsirrai uku ne suka fi cancanta a auna a kan wannan ma'auni, kuma kowanne da irin gidan da ya dace da shi.

Ƙasarka da ruwanka tukuna

Yawancin unguwannin cikin garin Gombe ƙasarsu yashi-yashi ce, ruwa ba ya zama a cikinta, abin da ya sa zaizaya take saurin cin ta. Idan aka nausa wajen Dadin Kowa, Deba, Kaltungo da Balanga, a wurare da dama baƙar laka ce mai daddarewa da rani, ta kumbura ta riƙe ruwa da damina. A garin Bauchi kuwa an fi samun jar ƙasa mai tsakuwa, wani wurin da marmara a ƙarƙashi. Amma kada ka dogara da sunan unguwa, domin gefen katangar sabon gida sau da yawa ba ƙasar wurin ba ce, ciko ne da ɓaraguzan bulo da ragowar siminti.

Gwajin ba shi da wuya. Haƙa rami zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan na biyun ya ɓace kafin awa ɗaya, yashi ne. Idan ya ɗauki awa biyu zuwa huɗu, ka yi sa'ar ƙasa. Idan ka wayi gari ka tarar da ruwa a ciki, laka ce ko kuma akwai marmara a ƙasa.

Sai lissafin ruwa. A bazara rana da iska suna janye wajen lita 6 zuwa 8 a kullum daga kowane murabba'in mita na ƙasa mai danshi da ganye ya rufe. Mu ɗauki fangali mai tsawon mita 10 da faɗin mita 1, domin da shi za mu yi ta auna tsirran nan uku.

Gwangwama

Ita ce masu sayar da fulawa suke kira kana lili. Asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka take, ganyenta kamar na ƙaramar ayaba, furenta ja, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. Dogayen nau'o'inta suna kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, gajerun santimita 60 zuwa 90. A cikin ukun nan babu mai cika ido kamarta, babu kuma mai ci da sha kamarta.

Da saiwa ake dasa ta, wadda take kama da ɗanyar citta. A yanka gutsure mai ido biyu ko uku, a bar shi a inuwa kwana ɗaya yankan ya bushe, a kwantar da shi a zurfin santimita 8 zuwa 10 idanun suna kallon sama, a bar santimita 50 tsakani. Fangalin mita 10 a jere biyu zai ci gutsure wajen 40. Kafin dashe a juya ƙasa zurfin santimita 30, a zuba ruɓaɓɓen kashin shanu kwanon sarki guda a kowane murabba'in mita. Ruɓaɓɓe aka ce, wanda ya shekara ko ya yi aƙalla wata uku a jibge yana shan ruwa. Ɗanyen taki yana ƙona sabuwar saiwa, yana kuma gayyato gara. Bayan mako huɗu da tsirowa a barbaɗa takin zamani 15-15-15 cikin tafin hannu guda, wajen giram 40, a kowane murabba'in mita, nesa da kara, a maimaita bayan mako shida. Wanda ya dasa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni zai ga fure a cikin mako 10 zuwa 12. Ana iya shuka ƙwayarta, sai dai ɓawon yana da tauri kamar tsakuwa. Dole a goge gefe ɗaya da zarto har farin ciki ya leƙo, a jiƙa kwana ɗaya, kuma ba lalle ta fito da launin uwarta ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: kowane kara sau ɗaya yake yin zangarniyar fure. In ta gama, karan ya gama aikinsa, a sare shi daga ƙasa domin sababbi su samu wuri. Wanda ya bar su zai ga fangalin ya cunkushe da busassun kara da ƙwallayen iri, fure yana ta raguwa. Bayan shekara biyu ko uku saiwar kan cika wurin har ta fara hawa kan juna, tsakiya ta mutu. Sai a tone duka a farkon damina, a zaɓi na bakin gefe masu sababbin idanu, a zubar da tsofaffin.

Ga inda gizo ke saƙa. Idan ana so ta zauna kore shar a bazara, fangalin nan na mita 10 zai sha lita 60 zuwa 70 a kullum, wato jarka uku ko fiye, sama da jarka ashirin a mako. Mai sayen ruwa ya yi wannan lissafi kafin ya ɗauko ta. Akwai mafita biyu. Ta farko, a dasa ta inda ruwan alwala da na wanka suke gangarawa, domin ba ta ƙin danshi mai ɗorewa, har a bakin kwata takan yi ƙiba. A dai kauce wa ruwan wanki mai bilic ko sabulun gari da yawa, gishirinsa yana taruwa a ƙasa har bakin ganye ya fara ƙonewa. Ta biyu, a bar ta ta yi barci: a Disamba a sare ta saura santimita 10, a rufe da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa mai kauri, a riƙa ba ta ruwa sosai sau ɗaya a mako biyu. A laka wannan yana yi. A yashin da rana ke duka kai tsaye saiwar takan motse, gara ta ƙarasa ta, don haka gara a tone a adana a cikin yashi mai ɗan danshi a inuwa.

Cututtukanta sanannu ne. A Agusta da Satumba akan ga ƙura ruwan lemo a bayan ganye, wannan tsatsa ce, cunkoso da jiƙewar ganye ke kawo ta. A yanke ganyen da ya kamu a ƙona, a rage kara iska ta ratsa. Akwai tsutsar da ke naɗe ganye ta zauna a ciki, in ganyen ya buɗe sai a ga huji a jere. Matse ta da hannu ya fi feshi, domin magani ba ya isa inda take. Wanda ba shi da magani shi ne ganye mai zane-zanen rawaya a karkace tare da tsumburewa, ƙwayar cuta ce da ke cikin saiwar kanta, sai tonewa da ƙonawa. Kuma ba ta da guba, wanda alheri ne ga gida mai yara, amma akuyar maƙwabta ma ta san da haka.

Binka

Wannan ita ce ƙaramar fulawar nan mai ganye mai sheƙi da fure mai kunnuwa biyar, fari ko ruwan hoda, da ake gani tana tsirowa ko a tsagar siminti. Sunanta na kimiyya Catharanthus roseus, asalinta tsibirin Madagaska. Tsayinta santimita 30 zuwa 60. Ga mafi yawan gidajen cikin garin Gombe, masu yashi da ƙarancin ruwa, ita ce zaɓin da ya fi hankali, kuma dalilin a bayyane yake: fangalin da gwangwama za ta shanye wa jarka ashirin a mako, binka da ta kafu jarka takwas zuwa goma sun ishe ta, a raba su sau biyu. Ga shi ba ta tsaya ga damina ba, muddin tana samun wannan ɗan ruwa tana fure kusan duk shekara, sai dai takan ja baya a tsananin sanyin Disamba da Janairu, ganyen ya nannaɗe, ya warware in gari ya yi ɗumi.

A yi renon irinta a ƙarshen Afrilu a cikin leda ko tire, a rufe da ƙasa kaurin rabin santimita, domin a duhu take son tsirowa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ta fito. Idan ta yi ganye shida, wajen mako biyar zuwa shida, a dasa da tazarar santimita 30, wato wajen tsiro 100 a jere uku. A tsinke kan kowanne da farce bayan mako biyu domin ya yi rassa. Taki kaɗan take so, rabin kwanon sarki ya wadatar, takin zamani kuma rabin abin da aka ba gwangwama. In aka cika mata, ganye za ta yi ta yi, fure ya ƙaranta.

Ba fari ne ke kashe binka ba, Agusta ce. Akwai wata cutar ruɓa da ke zaune a cikin ƙasa, ruwan sama yana fantsama ta kan kara. Alamarta reshe ɗaya ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, in an duba sai a ga tabo mai duhu a jikin karan, cikin 'yan kwanaki jere guda ya kwanta. Mai gida in ya ga yaushi sai ya ƙara ruwa, ya ƙarasa abin da ya rage. Rigakafin duk a wajen shiri yake. A ɗaga fangalin santimita 15 sama da ƙasar tsakar gida. Kada a binne kara fiye da yadda yake a leda. Kada a dasa a ƙarƙashin indararo ko inda ruwan kwano yake zuba. A shimfiɗa tsakuwa ko yashi mai gwari a sama domin rage fantsama. Da rani a ba da ruwa da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. Wadda ta kamu a cire ta da ƙasar gindinta, kada a maye gurbin da wata binkar a wannan damina. Maganin da manoman tumatir suke fesawa, mai haɗin metalaksil da mankozeb, yana kare waɗanda ba su kamu ba, amma ba ya tayar da wadda ta faɗi. A baƙar laka, gaskiya, da muguwar rawa gara ƙin tashi: ko a yi mata fangali na bulo a cika da yashi da taki, ko a haƙura da ita.

Akwai bambanci tsakanin tsohuwar binka ta gida, mai fure fari ko hoda mai haske, da sababbin nau'o'in da ake shigowa da su masu manyan furanni ja ko ruwan goro. Sababbin sun fi kyau a leda, amma sun fi saurin ruɓewa, da yawansu damina ɗaya suke yi. Ta gida takan yi shekara biyu zuwa uku, ta zubar da irin da zai gaje ta. In ta yi tsawo ta zama ƙarare, a datse ta saura santimita 15 a farkon damina. Idan sababbin ganye suka yi rawaya jijiyoyinsu suka zauna kore, yawanci siminti ne a ƙasar ya hana ta shan sinadarin ƙarfe. A tsince ɓaraguzan, a ƙara ruɓaɓɓen taki, ba takin zamani ba.

Guba gare ta, shi ya sa awaki ba su cika damun ta ba. Daga jikinta aka samo magungunan sankara guda biyu, binkiristin da binbilastin, tun wajen ƙarshen shekarun 1950 da farkon shekarun 1960, amma a masana'anta ake tace su a auna. Masu tafasa ganyenta su sha saboda ciwon suga suna wasa da rayuwarsu.

Albasar kwaɗi

Ita 'yar ƙasa ce, tana fitowa da kanta a fadamu da gefen rafuka. Ganyenta dogaye kamar ɗamara, furenta manya farare masu ratsin ja ko hoda a tsakiya, da yawa a kan kara ɗaya. A batun ruwan rani babu mai kama ƙafarta: jarka sifili. Ganyen ya bushe a ƙarshen shekara, albasar ta kwanta a ƙasa, ruwan farko na sauka ta farka. Laka ba ta dame ta ba, yashi mai taki ma tana yi.

Farashin wannan sauƙi shi ne gajeren fure. Mako biyu zuwa uku ne a farkon damina, sauran watannin ganye ne kawai, da rani kuma fili fayau. Don haka ita kaɗai ba ta riƙe fangali, abokiyar zama take bukata.

A dasa a Afrilu ko Mayu, wuyan albasar yana sama da ƙasa, tazara santimita 50 zuwa 60, jere ɗaya wajen guda 18. Binne ta da zurfi yana hana fure. Ba ta son a riƙa ɗaga ta, wadda aka tona takan yi fushi ta tsallake shekara ɗaya, ƙananan 'ya'yan gefe kuma sai sun yi shekara biyu ko uku. A kafa ɗan turke a gindin kowacce, domin da rani mai fartanya ba zai san tana nan ba. Babbar maƙiyarta wata baƙar tsutsa ce mai ɗige-ɗigen fari da rawaya, tana shiga cikin ganye ta bi shi har cikin albasar. Da zarar an ga ganye ya yi ruwa-ruwa kamar an tafasa shi, a yanke ƙasa da wurin a ƙona, sannan a fesa ruwan 'ya'yan maina: rabin kilo dakakke a lita 10, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma duk mako. Albasar kanta guba ce kuma ta yi kama da ta miya, kada a ajiye ta ko kusa da madafa. Ya fi a nemi 'ya'yanta wurin wanda yake da ita a gida da a je a yashe fadama.

Tana da ƙaramar 'yar'uwa baƙuwa daga nahiyar Amurka, zefiranta, mai ganye siriri kamar ciyawa, wadda takan ɓarke da fure fari, hoda ko rawaya 'yan kwanaki bayan ruwa mai ƙarfi, ta maimaita sau da yawa a damina. Ta dace da layin gaba: zurfin santimita 3 zuwa 5, tazara santimita 10.

Waɗanda za a nuna maka a wurin masu fulawa

Ƙariya ta fi kowa jure fari, amma da rani ta fi yin fure, lokacin da ba ta da ganye, kuma a fangalin da ake shayarwa kullum gindinta ruɓewa yake. Wurinta tudu mai tsakuwa ko tukunya, ruwan jikinta kuma dafi ne. Lantana tana fure ba ji ba gani, sai dai tana lalata hantar shanu da tumaki, ɗanyun 'ya'yanta suna cutar da yara, tsuntsaye kuma suna watsa ta ko'ina, don haka gida mai kiwo ya nisance ta. Iksora kallon kitse ake wa rogo: a leda ja wur, a gindin katangar siminti ganyenta ya koma rawaya, ga shan ruwa.

Haɗa su

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa gwangwama a baya, binka a gaba, a fangali ɗaya. A ido tsarin ya yi, amma ruwan da zai ƙosar da ta baya shi zai ruɓar da ta gaba. In ana son duka biyun, a raba musu wuri da jeren bulo, ko gwangwama ta ɗauki ɓangaren da ruwan gida yake fita, binka ta ɗauki tudu. A yashi, albasar kwaɗi da binka suna zama lafiya: binka ta rufe filin da albasar ta bari da rani, ɗan ruwan da ake ba ta kuma ba ya cutar da mai barci. A laka, albasar kwaɗi ta koma gaban gwangwama.

Dukkansu suna bukatar rana ta aƙalla awa shida, a ƙarƙashin maina ko mangwaro ganye kawai za a samu. Katangar da ke kallon yamma tana tara zafi ta mayar wa tsiro har bayan magariba, binka za ta jure, gwangwama bakin ganyenta zai ƙone, ita gabas ta fi so. A bar santimita 40 tsakanin katanga da jeren farko, a laka ma a ƙara, domin ƙasar da ke kumbura a gefe ɗaya saboda ban ruwa tana tsaga gini. Katangar ƙasa kuwa kada a kusance ta da gwangwama ko kaɗan.

Wajen saye, a ce wa mai fulawa ya zare leda ɗaya a gani. Saiwa fara mai ƙamshin ƙasa ita ake nema. Mai launin ƙasa-ƙasa da wari ta riga ta fara ruɓewa, wadda ta nannaɗe kanta a gindin leda ta daɗe, za ta yi jinkirin kafuwa. Binka ƙarama da ba ta fara fure ba ta fi babba mai fure kamawa. Masu reno yawanci a inuwa suke ajiye kayansu, don haka a ba tsiron kwana huɗu ko biyar yana shan ranar safe kawai kafin a dasa, dashen kuma a yi shi da la'asar, bayan an samu ruwan da ya jiƙa ƙasa zurfin tafin hannu, ba yayyafin farko na Afrilu ba.